Allurar baƙin mai ta faɗi a tsohuwar mota: yadda ake gano matsalar kafin a ce a sauke inji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan tambayar ta yi yawa, kusan duk sati sai wani ya tare ni da ita: allurar baƙin mai ta sauka ƙasa, ko fitilar nan ja mai kama da buta tana ƙyaftawa in an tsaya a gosulo, bakanike kuma ya ce inji ya gaji sai an sauke, shin in yarda? Amsata kullum ɗaya ce, kar ka yarda a kwance ko noti ɗaya a cikin inji sai an auna. Wallahi na ga mutane sun sai da kadara sun gyara injin da lafiyarsa ƙalau, na kuma ga waɗanda suka ce ai gejin ne ke ƙarya suka ci gaba da tafiya har inji ya buga a tsakiyar daji. Ga yadda ake bi daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada, kuma don Allah kar a tsallake mataki.

Kayan da za ka tanada: tsumma mai tsabta, tocila, roba ta tarar mai, sifanu da dogon soket (galibi lamba 24 ko 27 ke kama oyil suwic), ƙaramin kwan fitila irin na dashbod mai waya biyu, sai babban cikinsu wato gejin hannu na auna firesha mai tiyo da kawuna kala-kala.

1. Ka tsaya tukuna

In kana cikin tafiya allura ta faɗi ƙasa warwas ko jar fitila ta kama ta zauna, ka gangara gefen titi ka kashe mota nan take. Ba a cewa bari in ƙarasa gida ai saura kaɗan. Kiranshaf, wato babban sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, a kan siririn baƙin mai yake juyawa, in man ya yanke ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, kuma 'yan mintuna sun isa su cinye metal, wato lanƙwasassun fallayen ƙarfe da kiranshaf ke juyawa a cikinsu.

Kafin ka kashe, in da hali ka saurara na ɗan daƙiƙu. Ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga sama wajen kan inji alama ce mai bai kai sama ba. Ƙara mai nauyi daga ƙasa, ƙwal-ƙwal kamar ana buga guduma a cikin tukunya, wadda ke ƙaruwa in ka taɓa totur, wannan metal ne.

Gargaɗi: in ka ji ɗaya daga cikin ƙararrakin nan tare da faɗuwar allura, kar ka sake tada motar ko don gwaji. A jawo ta. Kuɗin janwe komai yawansa bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

2. Duba man kansa

Ka ajiye mota a wuri mai lebur, ka jira kamar minti 5 zuwa 10 mai ya koma kwanon da ke ƙasan inji, ka zaro sandar geji ka goge ka mayar har ƙarshe ka sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin ƙananan motoci kusan lita 1 ne. In ya gaza alamar ƙasa ka cika ka sake tayarwa ka gani. Motar da allurarta ke faɗuwa in an sha kwana ko an taka burki da ƙarfi sannan ta dawo, kusan kullum ƙarancin mai ne, man ya gudu gefe ɗaya famfo ya zuƙi iska.

Amma kar ka tsaya a yawan man kawai, ka sa yatsa ka murza, ka kuma shinshina. In ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, kuma ka ga ya ma haura alamar sama alhali ba ka ƙara ba, to fetur ke zuba a ciki. A motoci masu kafireto irin su Fijo 504 da tsofaffin Hilux abu biyu ke jawo haka, ko kafireto na ambaliya, ko robar cikin famfon fetur da ke jikin inji ta yage tana tsiyayar da fetur kai tsaye cikin baƙin mai. In kuma man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ne ya shiga, sai a nemi gasket ɗin kan inji. Duk biyun suna kashe firesha, kuma canza famfon baƙin mai ba zai yi musu komai ba.

Ka tambayi kanka kuma, yaushe aka yi juye na ƙarshe, wane mai aka zuba? Idan matsalar ta fara ne washegarin sabis, to ka fara zargin man ko filtar. Tsohon injin da ya saba da 20W-50 ko 15W-40 in aka zuba masa siririn mai na sabbin motoci irin 5W-20, ga zafin Afrilu, dole allura ta sauka in ya ɗau zafi. Haka man kwalba na bakin titi da ba ka san asalinsa ba, da safe ka gan shi da kauri, in ya ji wuta ya zama ruwa.

3. Ka lura da lokacin da allurar ke faɗuwa

Wannan matakin ba ya cin ko sisi amma shi ke nuna maka inda za ka dosa, mutane kuma ba sa ba shi muhimmanci. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne famfo turo mai kawai yake yi, matsewar hanyoyin da man ke bi ita ke haifar da firesha. Kamar tiyon masu wankin mota ne, in ka danne bakinsa da babban yatsa ruwa ya yi tsiri, in ka saki ya zubo a sanyaye alhali famfon bai canza ba. Metal in ya cinye, kamar an saki yatsan ne.

Saboda haka da safe mai na da kauri allura za ta hau sama, in inji ya yi zafi ta ɗan sauko, a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ta fi sauka, in ka ba ta wuta ta tashi. Wannan lafiya ne. Masu tsohuwar Marsandi sun san wannan, gejinta a bar 3 yake ƙarewa (bar ma'aunin firesha ne), kuma kamfanin da kansa ya ce in inji ya yi zafi tana iya sauka har 0.3 a silo ba matsala, muddin tana tashi nan take in an taka totur.

Abin da ba lafiya ba: allura ƙasa da sanyi da zafi, a silo da kan wuta, duk ɗaya. Ko a silo tana da kyau amma in ka hau babban titi ka ba ta wuta sai ta riƙa sauka, wannan yawanci rariyar da ke cikin kwano, wadda famfo ke zuƙo mai ta cikinta, ita ce ta toshe. Ko tana tsalle-tsalle in ka faɗa rami, ko tana motsi in ka kunna fitilun gaba, wannan kuma ya fi kama da aikin waya, musamman wayar at, wato wadda ake haɗawa da bodi, da ta saki ko ta yi tsatsa. Ka rubuta abin da ka gani a takarda, zai yi maka amfani a gaba.

4. Oyil suwic da wayarsa

Shi ne ɗan ƙarfen da ke ɗaure a jikin inji, galibi kusa da filta, da waya ɗaya a kansa. Na fitila ƙarami ne, na allura ya fi girma kamar ƙaramin gwangwani. A tsohuwar mota shi ne abu na farko da ke yin ƙarya, shi ne kuma mafi araha a duk abin da zan lissafa.

Zare wayar ka haska da tocila. In ka ga mai ya jiƙa bakin soket ɗin, ya fashe daga ciki, canza shi kawai. In na fitila ne, ka murɗa makulli ba tare da ka tada mota ba, fitila ta kama, ka zare wayar, ya kamata ta mutu. In ta ƙi mutuwa to wayar ta goge a wani wuri tana taɓa bodi, aikin mai wayarin ne. In na allura ne, ka haɗa wayar da bodi ta cikin ƙaramin kwan fitilar nan, allura ta motsa, hakan ya nuna gejin dashbod da wayarsa suna aiki.

Gargaɗi: kar ka manna wayar allura kai tsaye a bodi ka bar ta, wasu gejin musamman na tsofaffin Toyota suna ƙonewa da haka. Kuma kar a ɗaura suwic na fitila a motar da ke da allura don kawai zarensu ya zo ɗaya, ba aiki ɗaya suke ba.

Masu Golf 2 da Golf 3 ku kula, masu fetur ɗin suwic biyu gare su. Ɗaya a jikin kan inji na ƙaramin firesha wajen 0.3, ɗaya a kan mazaunin filta na 1.8, shi wannan na biyun in inji ya wuce juyi 2000 a minti ɗaya firesha bai kai ba sai ƙararrawa ta yi ta ƙara fitila na ƙyaftawa. Ana yawan musanya wayoyinsu ko a ɗaura mai lamba daban, lambar na rubuce a jikinsu, a duba. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake yanke wayar ƙararrawar ko a cire kwan fitilar a ce an gyara. In za ka sayi tsohuwar mota ka murɗa makulli ka tabbatar fitilar baƙin mai ta kama kafin a tayar, in ba ta kama ba akwai abin da ake ɓoye maka.

5. Auna da gejin hannu

Nan ne gaskiya ke fitowa, duk abin da ya gabata share fage ne. Ba kowane gareji ke da wannan gejin ba, ka nemi wanda yake da shi ko ka saya a wajen masu kayan aiki, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, ku haɗa kuɗi da abokai ma in ya yi maka nauyi, abu ne da zai yi shekaru yana aiki.

Ka fara zagayawa da motar minti 15 zuwa 20 in ba ta ƙara kuma fitila ba ta zaune, don mai ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi, kuma awon da aka yi da sanyi yaudara ce, kowane gajiyayyen inji yana nuna ƙarfi da safe. In fitila na zaune kar ka zagaya, ka auna a inda take, in ka tayar daƙiƙa 5 zuwa 10 allurar gejin hannu ba ta motsa ba ka kashe.

Kashe mota, kwance oyil suwic, ka zaɓi kan da ya dace da ramin. A nan ake ɓarna sosai. Zaren motocin Japan daban, na Amurka daban duk da ido ba ya rabe su, na Jamus irin Golf kuma M10 ne. Ka fara ɗaurawa da yatsu, in ya cije tun farko ba shi ba ne, kar ka sa sifana ka tilasta. Ka kau da tiyon daga fanka da bel da salansa, sannan a tayar, a duba ko yana yoyo.

Ka rubuta awo uku: a silo, a juyi 2000, a juyi 3000. In gejinka da ma'aunin psi yake, bar 1 daidai yake da kusan psi 14.5. Lissafin da kanikawa suka daɗe suna amfani da shi shi ne kusan psi 10 a kowane juyi 1000, amma littafin motarka ya fi. Misali injinan Toyota irin 22R na Hilux da 5S na Camry, littafinsu ya ce a silo kar ya gaza psi 4.3, a juyi 3000 kuma tsakanin 36 da 71. Golf kuwa ana son aƙalla bar 2 a juyi 2000 in mai ya kai zafin digiri 80. Ka ga ashe ƙaramin lamba a silo ba shi ne mutuwar inji ba, abin dubawa shi ne yana hawa da wuta ko ba ya hawa.

In awon ya yi daidai, alhamdulillahi, injinka lafiya, ka sayi suwic mai kyau ka ɗaura ka tafi. Wajen ɗaurawa kar a naɗe zaren da farin tef har ya rufe, ta jikin zaren yake samun at, kuma kar a matse da ƙarfin tsiya, bakinsa tsukakke ne yana iya tsaga mazaunin in na alminiyom ne. In awon ya gaza, sai mataki na gaba.

6. Juye da sabuwar filta

Kafin a kwance komai ka yi juye da man da ka yarda da shi, mai lambar da ta dace, da filta ta kirki. Filtar jabu takardar cikinta na iya murƙushewa ta tare hanya. Amma kar a zubar da tsohon man, a tare shi a roba mai tsabta ka fita da shi rana ka karkata. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinare ko kwalli, wannan metal ne ke narkewa, ka wuce kai tsaye zuwa mataki na 9. In ba ƙyalli, a sake aunawa da zafi.

Gargaɗi: ba a zuba man giya ko maganin kauri na gwangwani don allura ta tashi. Za ta tashi kam, amma da safe man ba ya saurin kaiwa sama, kuma ramin da ya buɗe yana nan.

7. Sauke kwanon ƙasa a duba rariya

Kwanon da kanikawa ke kira botom filet. Tun kafin a kwance ka leƙa ƙasansa, in ya taɓa dukan dutse ya lotsa ciki yana iya danne bakin rariyar, tsakaninsu ba nisa.

Wannan matakin na san shi a jikina. Golf 3 ɗina a gari lafiya lau, amma duk lokacin da na hau hanyar Zariya, kafin in kai Kwanar Ɗangora ƙararrawa ta fara, in na sassauta ta yi shiru. Bakaniken farko ko murfin inji bai gama ɗagawa ba ya ce metal ne a nemo kuɗin sauke inji. Na ce a auna tukuna. A silo daidai, a juyi 2000 daidai, da aka riƙe ta a 3000 sai ga allura tana komawa baya a hankali. Muka sauke kwano, na karɓi tocila na leƙa da kaina, rariyar nan ta cika da jan gam, zare-zare kamar taliya, haɗe da baƙin dauɗa mai kauri kamar kwalta, ramukan da suka rage a buɗe ba su kai faɗin farce ba. Wani ne a baya ya lafta gam a madadin gasket, rarar da ta matso ciki ta yanke ta faɗa mai. Fetur da buroshi muka sa, sai sabon gasket da juye, shi ke nan ƙarar ba ta sake dawowa ba.

A cire bututun rariyar gaba ɗaya a wanke har ka hango haske ta cikinta, a duba ko ya tsage, a canza gasket ko robar da ke bakinsa inda ya haɗu da famfo, don in iska na shiga ta nan mai kumfa zai riƙa yi. A wanke kwanon tas. Wajen mayarwa in injin na gasket ne a sa gasket, in na gam ne a ja siriri, a kuma ba shi lokaci ya kama kafin a zuba mai.

8. Famfo da bawul ɗinsa

A jikin famfon akwai ɗan fiston da sifirin, aikinsa in firesha ya yi yawa ya buɗe ya mayar da rarar mai kwano. In dauɗa ta maƙale shi a buɗe, firesha zai zauna ƙasa ko da sanyi. A ciro shi a wanke, ya riƙa zamewa da kansa, a duba sifirin bai karye ba. Kar a yarda a cusa washa, wato ɗan zoben ƙarfe, a bayan sifirin don ƙara ƙarfi, ba ya taimakon silo ko kaɗan, kuma da sanyi yana iya kumbura filta.

Famfon kansa a buɗe a duba haƙoransa da murfinsa, in akwai zane mai zurfi da farce ke kamawa ya gama. A Golf famfon na cikin kwano, aiki ɗaya ne da mataki na 7. A Toyota da yawa kuma yana gaban inji, sai an cire fuli, wasu har da bel ɗin tayimin, don haka kuɗin aiki ya fi, in bel ɗin ya tsufa a canza shi a lokaci ɗaya. Gaskiya a ganina famfo ba ya yawan mutuwa kamar yadda ake ɗora masa laifi, tunda shi ke fara shan mai kafin kowa.

Gargaɗi: sabon famfo a cika shi da mai kafin a ɗaura. Bayan an haɗa a cire wayar koyil a yi ta ba ta sitata har gejin hannu ya motsa, sannan a tayar.

9. Metal da kiranshaf

In mai daidai, rariya fes, famfo lafiya, amma da zafi firesha ya gaza, musamman a silo, to metal ne. Tunda kwano na ƙasa a kwance murfi ɗaya ko biyu a gani. Lafiyayyen metal toka-toka yake sumul, in ka ga jan ƙarfe ya fito ko zane ya cinye. Tazarar da ake so tsakaninsa da kiranshaf 'yar mitsitsiya ce, wajen milimita 0.02 zuwa 0.05 a yawancin ƙananan injina, ido ba ya auna wannan, sai an kai wa masu injin yanka sun sa ma'auni.

In kiranshaf sumul yake kuma awonsa bai fita ba, sabon metal mai lamba ɗaya da na ciki ya wadatar. In ya zane sai an yanka, yankan farko 010 wato milimita 0.25, na biyu 020 wato 0.50, kuma dole metal ya zo daidai da yankan, lambar na bayan kowane ɗaya. Kuskuren da aka fi yi a nan guda uku ne: a sa metal sitanda, wato na kiranshaf ɗin da ba a yanka ba, a kan yankakken kiranshaf, a musanya murafan ko a juya su, sai rashin wanke ramukan mai na cikin kiranshaf bayan yanka, garin ƙarfen da ya rage a ciki ya cinye sabon metal cikin sati. Ka tsaya a kai a wanke a busa iska a gabanka, a kuma ɗaure da sifanar awo ba da ƙarfin hannu ba.

Kafin ka biya, ka sa a lissafa maka duka, yanka, metal, gasket, mai, filta, kuɗin aiki, da rin na fiston in tana hayaƙi, ka kwatanta da kuɗin injin Beljiyam. In ka zaɓi na Beljiyam ɗin, ka yi sharaɗi da mai kaya tun kafin a ɗauka cewa za a ɗaura gejin hannu a auna shi da zafi bayan an sa a mota, in bai kai ba za a dawo masa da shi.